Mitar Gidanmu Ta Fi Ni Gulma

"Sau tara!" in ji ɗana, yana kaɗa takardar a saitin hancin yarinyar. "Sau tara cikin sati shida wuta na ɗaukewa a gidan nan shi kaɗai, alhali duk layin kowa na shan iskar fankarsa. Ke kuma kin tsaya kina ce min ba ki san komai ba?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

"Kar ki rantse min! Ga shi nan sun rubuta. Talata, Alhamis. Talata, Alhamis. Kullum biyar da kwata. Ƙarfe nawa kike dawowa daga aiki?"

Ta sunkuyar da kai. "Biyar da rabi."

"Shi kuma wannan gajeren mai tsanin, waɗanne ranaku yake aikin yamma?"

Yarinyar nan jikata ce, sunana aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Takwara, babanta kuma ya ce Mamana. Amma ranar babu Mamana a bakinsa, sai "ke". Tana tsaye jikin firij da farar rigar kantin maganin da take aiki, ko jakarta ba ta sauke ba, mayafinta ruwan toka ya zame zuwa kafaɗa. Shi kuma daga shagon waldarsa ya taho, tabaran aikin na rataye a wuyansa, rigar duk ƙananan hujin tartsatsi.

Ni fa? Ina kan kujerata ta bakin taga, ƙafa a miƙe kan ƙaramin tebur, gwangwanin man zafi a cinya, ina shafa gwiwa kamar ba a ɗakin nake ba. Shafawa ta uku ke nan. Gwiwar ma ta gaji da ni.

To ku masu karatu a waya, bari in bar ɗana nan da bakinsa a buɗe, in ɗan koma da ku baya. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na yi, kuma da yatsa ɗaya nake dannawa. Abin da zan faɗa muku ko aminiyata ban faɗa wa ba, ni da ba a taɓa jin magana ta kwana a cikina ba.

Kafin a kawo sabuwar mitar nan, ni ce mitar unguwarmu. In an ɗauke wuta, kafin fanka ta gama juyawa na leƙa taga na ga wa ke da ita, wa ba ya da ita, na kira kamfani. Lambarsu a kaina take. Matar da ke ɗaukar wayar har ta san muryata, sai ta ce, "Kaka, yau ma ke ce ta farko." Daga nan in bi gida gida in sanar an kira, in kuma kwaso abin da ya samu na labari. Aikina ke nan, kuma ina jin daɗinsa.

Sai ga su wata rana sun liƙa mana wani akwati ruwan toka a bangon waje, da ɗan jan ido yana ƙiftawa. Ban kula ta ba.

Wata Talata motar kaya ta wuce da lodi har sama, ta fizge wayar da ta taso daga falwaya zuwa gidanmu. Ɗif. Na tashi neman tabarau don in danna lamba, na duba ƙasan matashi, na duba kan firij, na duba banɗaki, ashe yana goshina. Kafin in gama wannan shirme sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Wani saurayi ne gajere, baƙi, da hular kwano, rigar kamfani ta yi masa yawa, ga tsani a kafaɗa wanda ya ninka shi uku. Tun ranar na sa masa Mai Tsani.

"Sannu Kaka. Wutarku ta ɗauke ko?"

"Wa ya kira ku? Ni dai ban kira ba."

"Mitarku ce ta kira."

"Kai ɗan nan, da tsufana za ka yi min wasa?"

Ya yi dariya, ya jingine tsanin. Ya ce akwai ɗan ƙarfin da take ɓoyewa a cikinta, da zarar wuta ta yanke mata sai ta yi amfani da shi ta aika saƙo guda zuwa ofis, kamar mai shirin suma ya ce "ku tare ni" kafin ya faɗi. A ofis akwai babban allo da taswirar gari, sai jan ɗigo ya fito a kan gidan. In ɗigon ya fito a gidaje hamsin lokaci guda, sun san taransifoma ce. In gida ɗaya ne, sun san wayar gidan ce, sai a tura mutum ɗaya. In wutar ta dawo kuma, ta sake aikawa ta ce ta farfaɗo, da awa da minti.

Na dubi akwatin nan, ya ƙifta min ido. Na ce, "Ashe magulmaciya kuka liƙa min a bango. To ni kuma in yi me?"

"Ki huta, Kaka."

"Hutawar lafiya? An ƙwace min sana'a."

Yana can sama yana ɗaure waya Takwara ta dawo daga aiki. Ta ɗaga kai ta ce, "Sannu da aiki." Shi ke nan fa abin da ta ce. Sai ga sukudireba ta suɓuce daga hannunsa, ƙwal, a gaban takalminta. Ta ɗauka ta miƙa masa, ya miƙo hannu, sai filaya ita ma ta biyo baya. Yarinyar nan ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

Ku ba ku san nauyin dariyar nan ba. Ni na raine ta tun uwarta ta rasu tana aji biyu. Shekararta ashirin da takwas. Wani mai baƙin gilashi ya ɓata mata shekara uku da alkawari, ya tafi karatu, sai hoton aurensa ta gani a waya. Tun daga nan ta rufe fuska. Daga gida sai kanti, daga kanti sai ɗaki. Duk wanda ya yi sallama ta ce a ce tana barci. Shekara biyu rabona da jin wannan dariyar, sai ga wani gajere ya fito da ita da filaya.

Na ba shi shayi. Kafin ya shanye na san shi maraya ne, na san yayarsa ce ta riƙe shi, na san ba shi da mata, na san Talata da Alhamis yake aikin yamma a shiyyarmu. Bai ma san ya faɗa ba.

Amma ya tafi bai karɓi lambarta ba. Sakarai.

Alhamis na kashe ƙaramin makunnin da ke baranda, na kira kamfani da muryar tausayi. Matar nan ta ce, "Kaka, ɗan jira." Na ji tana danne-danne. Sai ta ce, "Mun tambayi mitarku, ta ce wuta na iso mata lafiya lau. Ki duba makunnin cikin gida, wataƙila wani ya taɓa." Kun ji munafuka? A bangona take zaune, inuwata take sha, amma ta ƙaryata ni a gaban mutane.

Na zauna ina cizon yatsa. Can sai na tuna da marigayi.

Mijina, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai tsoron gobara. Lokacin da ya gina gidan nan ya sa aka shigo da wayar ta ɗakinmu tukuna, aka kafa wani babban makunni mai mariƙin ƙarfe a bango, sannan ta fita zuwa wajen mita. In zai yi tafiya sai ya ja shi ƙasa. Da ya rasu na tura kabad ɗin kayana na rufe wurin, kowa ya manta, har ɗana. Masu liƙa sabuwar mita ma ba su shigo ba. Wato in na ja wannan, ita kanta magulmaciyar ce za ta rasa wuta.

Talata biyar da kwata na zura hannu bayan kabad. Mariƙin ya yi tsatsa, sai da na sa hannu biyu. Ƙarass. Fanka ta yi juyi uku ta tsaya. Na leƙa waje, jan idon ya mutu. Na ce, "Yauwa, yi kukanki, yau ni za ki yi wa aiki."

Shida saura kwata na ji birkin motarsa. Na yi maza na mayar da mariƙin sama, na dawo kujera na kama gwiwa.

"Kaka, ta ce ta suma, kuma ina tsayawa ta ce ta farfaɗo."

"Ai ka gani. Aljanun wayar nan kai kaɗai suke tsoro. Takwara! Kawo wa baƙo shayi."

Ya hau falwaya ya duba, ya sauko ya buɗe mita ya duba, bai ga komai ba. Ya sha shayi. Ranar ya karɓi lamba.

Da na tsaya a nan, da yanzu labarin daɗi nake ba ku. Amma na ga yarinya ta fara goge farar rigarta da safe da yamma. Ta sayo sabon mayafi ruwan ƙwai. Ranar Talata da Alhamis har turare take fesawa kafin ta baro kanti, ina jin ƙamshin tun daga ƙofa. Shi kuma aiki ya hana shi zuwa don kansa, ga babanta da ya tsani duk mai rigar kamfanin wuta, don sau nawa suna ɗauke masa yana tsakiyar walda. In ba mita ce ta kira shi ba, ta ina zai shigo gidan? Sai na ci gaba.

Wata safiya tana taje min kai ta ce, "Kaka, in nuna miki wani abu, amma ki rantse ba za ki kai gaba ba."

"Ni? Yaushe na taɓa kai magana gaba?"

Ta harare ni, ta miƙo wayar. Shi ya rubuta:

"Mitarku ta sake kirana. Ina hanya."

Ita ta mayar: "Kai dai ka san yadda kake sa ta kira."

Shi kuma ya turo fuskar nan mai dariya da hawaye, guda uku, ya ƙara da: "Akwai shayi?"

Ta rage murya. "Kaka, shi ne fa. An ce daga ofis suna iya kashe wa gida wuta da kwamfuta. Shi yake kashewa don ya zo ya gan ni. Na ce masa ya daina kar ya samu matsala, sai dariya yake yi." Idonta na ƙyalli. "Ba a taɓa yin wani abu saboda ni haka ba."

Nan ne ya kamata in ce, "Takwara, ni ce." Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Oh, yaran zamani! So ba ya jin magana."

A zuwa na huɗu ya ce zai bi wayar ya ga inda ta shiga. Ya bi ta, ya bi ta, sai ga shi a ƙofar ɗakina. Na dake na ce, "Shigo mana ɗan nan, ai ɗakin kakarka ne." Ya haska bayan kabad da fitilar wayarsa, ya zura hannu, ya ɗan jima. Ya fito yana goge yatsunsa da hankici.

"Ka ga wani abu?"

"Babu komai, Kaka. Sai yana."

Na ce a raina, ilimin boko dai bai kai wayon tsufa ba.

Na bakwai shi ne wanda ba na so in rubuta.

Alhamis ce, hadari ya haɗo. Na ja mariƙi, ya zo, na mayar. Yana zaune a kujerar can, kofi a hannu, Takwara ta sa doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni, sai wayarsa ta aiki ta yi ƙara. Ya duba ya ce, "Wata mitar ce ta suma, gida ɗaya, can bayan makaranta. Bari in tashi."

Na ce, "Haba, shanye shayinka mana, wutar guduwa za ta yi? Tsaya ma in ba ka labarin ranar da wannan ta cusa wake a hanci."

"Kaka!" in ji Takwara.

Na ba shi na wake, na ba shi na ranar da ta bi ɗan akuya ta ɓata. Yana dariya yana kallon agogo, ni ina ƙara gishiri. Minti arba'in na riƙe shi. Yana fita ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Da ya isa can ya tarar reshe ne ya tsinke waya a saman falwaya, kuma dokarsu ba a hawa cikin ruwa. Ruwan bai tsaya ba sai washegari.

Gidan bayan makaranta gidan aminiyata ne, Mai Ƙwai. Tare muka yi 'yanmatanci. Da ɗan abin da ta tara ta sayi injin ƙyanƙyasa ta ajiye a ɗakin da ɗanta ya bari, ta cika shi da ƙwai, tana ƙirga kwanaki da alli a bayan ƙofa. Saura kwana ɗaya su fito.

Da na je mata jaje na same ta zaune a ƙasa, farantan injin a gabanta. Ta ɗauko ƙwai ɗaya ta nuna min. Ya tsage, ga ɗan baki rawaya ya leƙo, a sandare. Ta ce, "Kin gani, har sun fara fasawa. Jiya da rana ina jin kukansu daga ciki." Ta ajiye shi a hankali kamar zai ji ciwo. "An ce mitar nan da kanta take kira. Ta kira, sun ce ta kira. To ina yaron ya tsaya?"

Jama'a, ku ji abin da bakin nan ya yi. Mata sun cika ɗaki, kowa na tofa tasa, ni kuma ban saba a yi zance ba ni a ciki ba. Sai na ji kaina ina cewa, "Hmm, ai yaran kamfanin nan, in suka samu gidan da ake ba su shayi, shi ke nan."

Mai Ƙwai ta ce, "Shayi? A wane gida?"

Na ce, "A'a, ni dai misali na yi."

Ta sa jikarta ta rubuta wa kamfani ƙorafi, har da maganar shayin a ciki. Su kuma suka buɗe littafin magulmaciya. Ba ta manta ko minti ɗaya ba. Ga lokacin da take suma, ga lokacin da take farfaɗowa, kullum daidai mintin da motarsa ta tsaya a ƙofarmu, don ita ma motar ashe tana da nata ɗan rahoton. Ga mitocin maƙwabta duk sun ce su lafiyarsu ƙalau.

Za ku ce ai bayan ƙwan nan na tuba. Na tuba na sati ɗaya. Sai na ga Takwara ta dawo ranar Talata ta zauna tana kallon fanka na juyawa kamar ta yi kuka. Na ƙara sau biyu. Allah ya yafe min, na ƙara sau biyu.

Ga mu nan a takardar da ɗana ke kaɗawa. An dakatar da Mai Tsani daga aiki. Gobe ƙarfe goma zai tsaya gaban kwamiti, ana zarginsa da haɗa baki da wani a gidanmu ana kiransa da ƙarya a lokacin aiki. Mai gidan ma ana so ya je. In ta tabbata, korarsa za a yi.

"Ni za a kira gaban kwamiti?" in ji ɗana. "Ni da ko waya ban taɓa sata ba? Inna, kina ji fa! Kina zaune a gidan nan kullum, ba ki ga komai ba?"

"Ni da idon nan nawa? Ko tabarau ban san inda yake ba."

Ya juya kanta. "Zan tambaye ki sau ɗaya. In ke ce, ki faɗa min me kike taɓawa. In kin yi min ƙarya, wallahi kin daina kirana Baba."

Ta dube ni, irin kallon da take min tun tana ƙarama in ta fasa kofi. Na sunkuya na buɗe gwangwani.

"Ba ni ba ce," ta ce da ƙyar. "Shi ne. Daga ofis yake kashewa." Ta buɗe wayar ta miƙa masa, hawaye na zuba kan farar rigar. "Ga shi nan. Na ce masa ya daina."

Ɗana ya karanta, ya yi ƙwafa. "Madalla. Wannan zan kai musu gobe."

Sai aka yi sallama.

Da ƙyar na gane shi. Ba hular kwano, ba tsani, ba mota. Wata farar riga ce a jikinsa da aka goge har ta yi ƙyalli, takalminsa duk ƙura, da alama a ƙafa ya zo. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ina wuni. Kaka, ina wuni."

"Da ban wuni ba ka gan ni?" in ji ɗana. "Ka zo shan shayi ne?"

"A'a Baba. Na zo in ce kar ka wahalar da kanka gobe. Zan ce musu laifina ne ni kaɗai, babu hannun kowa a gidan nan. Ba za a sake damunku ba."

"Ka amsa ke nan?"

"Na amsa."

Takwara ta rufe fuska da mayafi. Ɗana ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "To ka taimaki kanka. Tashi ka ba mu wuri."

Shi ke nan fa, magana ta ƙare. Na tsira. Ba wanda zai taɓa sani. Yaron ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya dubi gwangwanin da ke cinyata, ya ce, "Kaka, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa." Ya yi ɗan murmushi.

Murmushin nan ne ya kashe ni. Na tuna hankicin. Na tuna yadda ya fito daga bayan kabad yana goge yatsu. Na dubi hannuna, yana naso da man zafi, man da ko an wanke da sabulu sai ya kwana uku yana wari.

"Tsaya," na ce.

Na sauke ƙafa, na dafa tebur na miƙe. Ɗana ya ce, "Inna, ina za ki?" Ban kula shi ba. Na shiga ɗaki, na zura hannu bayan kabad. Yanzu mariƙin ya saba, hannu ɗaya ya isa.

Ƙarass.

Firij ya yi shiru. Fanka ta yi juyinta uku ta tsaya. Na fito na tsaya a bakin ƙofa ina riƙe da bango.

"Ga na goma nan," na ce. "Yanzu haka ta kai musu rahoto. Sai su duba su gani ko yaron nan yana ofis, ko yana cikin mota. Makunnin babanka ne, yana bayan kabad. Ni nake ja. Duka taran ni ce."

Ɗana ya zauna kan hannun kujera, ya cire tabaran waldar daga wuyansa ya rasa inda zai ajiye. "Inna," ya ce. "Inna, ke?" Da wani ne da tuni ya ɗaga rufin gidan da ihu, amma ni na haife shi, sai ya haɗiye.

Takwara ba ta dube ni ba. Shi ta duba.

"Ba kai ba ne?"

"Ba ni da ikon kashe wa kowa wuta. Ni mai hawa falwaya ne."

"Amma na rubuta maka. Na ce kai ne. Ka turo min dariya."

Ya sunkuyar da kai. "Da farko na zaci ke ce."

"Da farko. Daga baya fa?"

Ya kau da kai.

"Ka sani?"

"Tun zuwa na huɗu. Mariƙin na warin man zafi." Ya ɗago ya dube ta. "Ya kamata in kai rahoto a cire shi tun ranar. In na kai, ba ni da dalilin dawowa. Kuma ƙwan matar nan, ni na zauna, ba wanda ya ɗaure ni. Shi ya sa na ce laifina ne. Ba duka ƙarya ba ce."

"Takwara," na ce, "saboda ke na yi. Na ga kina dariya ne."

"Kar ki ce min Takwara!"

Tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga min murya ba.

"Ina taje miki kai ina faɗa miki sirrina, kina cewa yaran zamani. Yanzu yanzu Baba ya ce zan daina kiransa Baba, na dube ki, kika buɗe gwangwani. Kika bari na ɗauki wayata na ba da shi da hannuna, mutumin da bai yi ba!" Ta juya kansa. "Kai kuma kana kallona ina ta murna kamar sakarya. Ku biyu kun sani, kuna shan shayi, ni ce abin wasan."

"Ba haka ba ne," in ji shi.

"Mamana," in ji babanta, a hankali. Sunan ya dawo, amma ya makara.

Ta fizge wayarta daga kan tebur, ta gyara mayafi, ta saɓa jakar da tun ɗazu ba ta sauke ba. A bakin ƙofa ta juyo, sai a lokacin ta dube ni, ido cikin ido.

"Gobe ƙarfe goma ke za ki je, ba Baba ba. Ki tsaya gabansu ki faɗa da bakin nan naki da ba ya gajiya. In kin fito ki wuce bayan makaranta ki faɗa wa Mai Ƙwai gidan da aka sha shayin. Ina gidan gwaggona. In aka kore shi, ko kika tsallake ɗaya cikin biyun nan, ki nemi wata ki ba ta sunanki."

"Tsaya mana in mayar da wutar, ki ji..."

Ta ja ƙofar da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Garam! Har gwangwanin man zafin ya faɗo daga kan kujera, ya gangara ya tsaya a gaban ƙafar Mai Tsani.